Jan Biro a Rajista: Aiki da Ciwo a Siton Ridi na Maigatari

Wanda ya san Maigatari ranar Alhamis kaɗai, rabin garin ya sani. Ranar ce kasuwa ke ci, kara ta cika da raƙuma da shanu da dawaki da tumaki daga Damagaram da Magarya da Dungas, dillalai na kai-komo, 'yan canji na lissafin naira da sefa, tireloli sun yi layi suna jiran lodin da za su kai Kudu. Ɗaya rabin yana inda baƙo bai cika leƙawa ba, wato manyan sito na yankin cinikayya maras haraji da ke bakin iyaka, da waɗanda 'yan kasuwa suka gina a kewayensa. Gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ce ta kafa yankin a farkon shekarun 2000, bisa lasisin hukumar NEPZA ta tarayya, da niyyar amfanin gonar Jigawa ya riƙa fita waje a gyare. Ridinmu Japan da Turkiyya da Sin ke saye, zoɓonmu kuwa Meziko ce babbar kasuwarsa. Amma kafin buhu ɗaya ya kai bakin teku a Legas, sai hannun mace ya tsince shi, kafaɗar namiji ta saɓa shi.

Na shiga cikin waɗannan mutane a 2016, bayan na gama Kwalejin Ilimi ta Gumel na jira aikin koyarwa shiru. Wani kamfani mai sayen ridi da zoɓo ya ɗauke ni akawu. Abu biyu ke hannuna, sikeli da rajista. Da safe in kira suna, wanda ya amsa in yi masa alama da shuɗin biro, wanda aka ce ba shi da lafiya in yi masa da ja. Manaja ne ya kawo tsarin, don a ƙarshen wata ya gane masu fashin aiki da kallo ɗaya.

Shafi uku

Rajistar shafi uku ce, domin ma'aikatan ma kashi uku ne. Akwai mu masu albashin wata: manaja, akawu, mai kula da injin tankaɗe, direbobi da masu gadi. Akwai 'yan dako, da ake biya gwargwadon buhun da suka sauke ko suka loda. Sai mata masu tsinta da shiƙa, su ma jinga suke yi, a auna abin da mace ta gyara a sallame ta da yamma. Wasu 'yan cikin gari ne, wasu daga ƙauyukan Gumel da Sule Tankarkar da Gagarawa, wasu kuma daga tsallake, su shigo cirani da kaka su koma kafin ruwan shuka.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci kwana 12 na aiki a shekara da cikakken biya idan ciwo ya kwantar da shi, muddin likita ya ba da takarda. Ta kuma ba mai haihuwa hutun mako 12. Mu na shafin farko mun san da wannan, muna kuma cin moriyarsa. A sauran shafukan biyu kuwa, dokar ba ta taɓa yi wa kowa sallama ba. Wata rana na karanta wa sarkin 'yan dako wannan tanadi. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Malam, wannan ai naku ne masu biro. Mu ranar da muka kwanta, tukunyar gida ma kwanciya take yi."

Shi ya sa jan biro ya fi yawa a shafinmu. Wanda bai san wurin ba, in ya buɗe littafin, cewa zai yi mu da ke zaune ƙarƙashin fanka mun fi kowa ciwo. Alhali ni da ke tsaye bakin sikeli ina ganin wanda ya zo yana rawar ɗari ya saɓa buhu, ina ganin wadda tari ya hana ta amsa sunanta. Tun daga nan na fara sa ido kan abin da ba a rubutawa: me mutum ya ci kafin ya fito, ƙarfe nawa ya kwanta, me yake jefawa a baki in ya juya baya.

Ƙarfin aro

Yawancin samarin 'yan dako ba sa karyawa. Mota kan iso da sassafe, wanda ya tsaya neman koko wani ya riga shi buhu. Sai su kora shayi mai kauri ko gadagi, su tauna goro, wasu su bi da ƙwaya. Tiramol ce ta fi yawo. Wadda likita ke rubutawa miligiram 50 ce ko 100, amma wadda ke shigowa ta bayan fage har mai 225 ake samu, ana sayar da ita ɗai-ɗai. Babu wanda zai ce maka don maye yake sha. "Maganin gajiya ne, Malam." In ta shiga, baya ya daina ciwo, yunwa ta ɗauke, mutum ya yi ta aiki bai waiwayi ruwa ba.

Akwai wani saurayi daga wajen Gagarawa, dogo, mai fara'a, wanda babu mai kai shi yawan buhu. Ban taɓa sa masa jan biro ba. Manaja kan nuna shi ya ce sauran su yi koyi. Wata rana da bazara, lokacin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ana tsakiyar loda tirela, ya hau katako da buhu a kafaɗa, sai muka ga ya sandare ya rikito ƙasa, jiki na jijjiga, kumfa a baki. Wasu suka ce iska ce, har an tashi yaro neman mai ruƙiyya. Sarkin 'yan dako ya laluba aljihun saurayin ya zaro katin ƙwaya da ya kusa ƙarewa, ya ɗaga ya ce, "Ga iskar nan. A kawo mota." Ma'aikacin lafiyar da ya karɓe shi ya gaya mana tiramol in ta yi yawa tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ga shi kuma jikinsa ya bushe babu ruwa. Faɗuwar ta gocar masa da kafaɗa. Bai sake ɗaukar buhu ba a shekarar, gonarsa ma 'yan'uwa suka noma masa. Da ya dawo da kaka, tsintsiya aka ba shi.

A cikinsu kuma akwai wani dattijo daga ƙasar Sule Tankarkar, furfura ta cinye gemu, wanda samari ke tsokana wai ya cika son jiki. Ba ya fitowa sai ya ci ɗumame. Gorar ruwansa na rataye a ƙusa bakin ƙofa, in ya kai 'yan buhuna ya kurɓa. Da azahar ya yi salla, ya dama fura, ya ɗan miƙe a inuwa. Bayan isha'i ba ka ganinsa a majalisa. In ya ji jikinsa ba daidai ba, jikansa zai aiko ya ce yau Baba ba zai zo ba, gobe ko jibi ka gan shi garau. A littafina yana da jan biro nan da can, amma ban taɓa jera masa na mako guda ba. Na ce da shi, "Baba, ba ka jin asarar kuɗin yinin?" Ya ce, "Yaro, yini ɗaya nake ba jiki da hannuna, don kada ya ƙwaci wata guda da ƙarfi. Waɗancan da ƙarfin aro suke aiki, zanen aro kuwa ba ya rufe katara."

Abin da na yi ta gani ke nan a shafin 'yan dako. Masu ci da sha da barci a kan lokaci, fashinsu gajere ne, a warwatse. Masu ƙwaya da yunwa da kwana a zaune, layinsu shuɗi ne tas na tsawon watanni, sai rana ɗaya ja ya fara ya ƙi tsayawa, wani lokaci har a soke sunan.

A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya tona yadda ake shan sa. Kwalaben da muke gani a bayan sito suka ragu, amma tiramol ba ta je ko'ina ba. A farkon 2019 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar da binciken da ya ce mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da ƙwayoyi cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramol da kodin. Da na ji a rediyo, ba 'yan daba na hango ba. 'Yan dakonmu na hango, masu salla a sahun gaba, masu ciyar da iyaye.

Waɗanda ba sa taɓa tiramol ma suna da tasu hanyar. A tashi aiki a biya kemis a ce, "Haɗa mini na ciwon jiki." A zubo ƙwayoyi kala-kala a takarda, irin su diklofenak da ibuprofen, mutum ya watsa a baki cikinsa babu komai. Irin waɗannan magunguna in aka dawwama a kansu suna cin ciki, in kuma suka haɗu da zafi da ƙarancin ruwa suna taɓa ƙoda. Da yawa daga cikin masu kukan olsa a wurinmu, daga wannan takardar ciwon ya faro.

Rumfar mata

Shafin mata ya fi kowanne tsabta, kuma shi ya fi kowanne ɓoye gaskiya. Mace in ba za ta iya zuwa ba, 'yarta ko ƙanwarta za ta turo ta zauna a tabarmarta, a kira suna a amsa. In kuwa babu mai riƙe mata wuri, da wuya a ce mini ita ce ba lafiya. Sai dai a ce yaro ne ke zazzaɓi, ko an yi haihuwa a gidan, ko miji ne ke kwance. Shugabarsu, wata dattijuwa mai kaifin baki, ta taɓa ce mini, "Ɗan nan, mace ba ta ciwo sai ta faɗi. Kafin ta faɗi, kasala ce."

Aikinsu zama ne a duƙe daga hantsi zuwa la'asar, faifai a cinya, ana fitar da tsakuwa da kara da ƙasa. Lokacin zoɓo, wato daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar hunturu, ƙura ja takan tashi ta cika rumfar, ta haɗu da ta iskar hunturu. Gefen mayafi suke ja su rufe hanci. Su koma gida kuma hayaƙin itace na jiransu a madafa. Tarinsu kan fara da sanyi, ya ƙi tafiya har bazara.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba sa shan ruwa. Za a yini ana aiki, kofi bai zaga ba. Sai da na tambayi shugabarsu ta dube ni ta ce, "In mun sha, ina za mu zaga? Gaban maza?" Wurin da aka tanada ɗaya ne, ba shi da ƙyaure mai kyau, kuma ta gaban 'yan dako ake bi. Saboda haka suka zaɓi ƙishirwa, suka zaɓi riƙe fitsari, ciwon mara da ciwon kai suka zama abokan zamansu. Wanda ya gani daga nesa zai ce halinsu ne, ba su damu da ruwa ba. Ashe ƙyaure ne ya haifi halin.

Haka batun abinci. Mace za ta sayi awara ko ɗanwake da rana, ta ci loma biyu ta ƙulle sauran a leda don yara. Masu ciki da masu goyo su suka fi yin haka, su kuma ne jiri ke ɗiba in sun miƙe. In aka je awo a ce jini ya yi ƙasa, a rubuta magani, a ce ta huta. Hutun da za ta yi shi ne na ranar awon. Mai jego kuwa, in ta cika arba'in, tana dawowa da jariri a baya, cikin ƙurar nan.

Mu masu fanka

Namu ciwon daban ne. Ba buhu muke ɗauka ba, kujera ce ke ɗauke da mu. Daga gida a hau babur, a sauka bakin ofis. Da rana lemon kwalba mai sanyi, da dare tsire ko balangu da shayi mai sukari da yawa, wasu su ɗora sigari. Sannan ga gidan kallon ƙwallo. Daren Talata da na Laraba, in ana gasar zakarun Turai, sai kusan sha biyu ake watsewa, a zarce majalisa a yi musu. Washegari ba sai an gaya mini wa zai aiko cewa kansa na ciwo ba.

Wannan fashin na yini ɗaya ne, abin dariya. Wanda ba na dariya ba shi ne na wani direbanmu, magidanci mai jiki, da ke kai kaya Legas. Goro da sigari da lemon ƙara kuzari ne abincinsa a hanya, barcinsa a kan sitiyari. An taɓa gaya masa yana da hawan jini, ya sha magani ya ji sauƙi ya ajiye, a cewarsa ai ya warke. Wata asuba ya tashi alwala, buta ta suɓuce, baki ya karkace. Daga babban asibitin Gumel aka wuce da shi Kano. Kwana 12 na doka suka ƙare tun yana gadon asibiti, kamfani ya ci gaba da ba shi wani abu na ɗan lokaci, daga baya aka ba wani makullin motar. Hawan jini ba ya sa mutum fashi, shi ya sa ake raina shi. Ranar da ya tashi sawa, ya sa gaba ɗaya.

Akwai kuma ciwon da babu likitan da ya san shi, ciwon Alhamis. Mutum zai aiko cewa zazzaɓi ya rufe shi, da hantsi a gan shi a kara riƙe da igiyar sa yana dillanci. Da damina kuma ciwon gona ne, ranar da aka yi ruwan shuka rabin shafinmu kan kamu. 'Yan jinga ba sa buƙatar wannan dabara, tunda babu mai biyansu ranar da ba su zo ba. Irin wannan ne ya sa manaja ya daina yarda da kowa, har mai ciwon gaskiya ya riƙa jin kunyar faɗa.

Daga baya na karanta labarin wani bincike da Farfesa Michael Marmot da abokan aikinsa suka fara a Landan a 1985, inda suka bi lafiyar ma'aikatan gwamnati fiye da dubu 10. Sun tarar ƙananan ma'aikata sun ninka manya yawan hutun rashin lafiya, kuma shan taba da sauran halayen rayuwa wani sashe kawai suka bayyana na wannan rata, sauran yana tattare da matsayin mutum da yanayin aikinsa. A can babba da ƙarami duk suna da damar kwanciya a biya su, shi ya sa littafinsu ya nuna inda ciwo yake. A wurinmu ciwon yana ƙasa kamar yadda yake a can, amma alamarsa a littafi tana sama.

Kowane lokaci da nasa

Shekara a sito tana da jerin cututtukanta. Hunturu na mura da tari da ciwon ido. Bazara ta jiri da ciwon kai da zafin fitsari. Damina, musamman Agusta da Satumba, ta zazzaɓin cizon sauro. A nan ma hali kan raba mutane. Masu gadi da ke kwana a waje saboda zafi, masu cewa gidan sauro na hana su numfashi, su ne farkon kwanciya. Wanda ya je aka gwada jininsa ya sha magani ya cinye, kwana kaɗan ya dawo. Wanda ya tsaya a farasitamol da saiwa, ko ya yanke magani da zarar ya ji dama-dama, zazzaɓin kan tafi ya dawo har ya cinye masa wata.

A shekarun da na yi a can, azumi ya yi ta faɗowa cikin zafi, daga Yuni yana gangarowa Mayu da Afrilu har Maris. Sai a sauya lokacin lodi, a fara bayan asuba a tsaya da hantsi, a ci gaba bayan tarawihi. Kwanakin farko masu sigari da masu ƙwaya kan sha wuya, ga ciwon kai, ga faɗa ba dalili. Amma in aka shiga goma ta tsakiya, sai in ga wurin ya lafa. Kowa ya yi sahur, babu mai aiki cikin tsakar rana, an sha ruwa sosai da dare. Mutanen da aka ce ba za su iya ɗaga buhu ba sai da ƙwaya, ga su suna ɗagawa da bakin azumi. Bayan salla kuma, da aka koma lodin rana, aka koma gidan jiya.

Sanƙarau na farkon 2023 shi ne abin da ba zan manta ba. Jigawa ce ta fi kowace jiha kamuwa a lokacin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci Maigatari da Sule Tankarkar a matsayin ƙananan hukumomin da cutar ta fi tsanani, ga Damagaram a tsallake ita ma tana fama. 'Yan ciraninmu kan yi hayar ɗaki guda su cika shi, taga a toshe saboda ƙura. Daga irin wannan ɗakin aka fitar da wani yaro matashi wuyansa a sanƙare, bayan ya yi kwanaki yana zuwa aiki da ciwon kai yana danne shi da haɗin kemis. Ya rayu, amma kunne ya tafi.

Da aka rufe iyaka

A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020, tare da ta Seme da Illela da Mfun. Gari ya yi sanyi, dako ya ragu ko'ina, waɗanda suka rasa aiki a kasuwa da tasha suka yo bakin sito. In mota ɗaya ta zo, mutum goma na jiran aikin mutum uku. A wannan lokacin jan biro ya kusa ɓacewa daga shafin 'yan jinga. Ba lafiya ce ta ƙaru ba, tsoro ne ya ƙaru. Wanda ya kwanta yau, gobe zai tarar da wani a gurbinsa.

Cikin haka korona ta shigo a 2020. Rediyo na ta shela cewa mai tari ko zazzaɓi ya zauna a gida. Wani ɗan dako ya ce da ni, "Malam, mai shelar nan ya faɗi wanda zai auna mana gero?" Babu wanda ya zauna. Abin da korona ta bar mana mai amfani shi ne takunkumi. Mata suka gane ya fi gefen mayafi tare ƙurar zoɓo, wasu suka ci gaba da ɗinka nasu da ƙyallen atamfa har bayan an manta da cutar.

Asusun kwanciya

Gyaran da aka samu ba daga wata takarda ya zo ba. Bayan faɗuwar saurayin nan na Gagarawa, sarkin 'yan dako da shugabar mata suka sami manaja da buƙatu ƙanana. A ajiye randuna a bakin sito a riƙa cika su. A kafa rumfa. A tsayar da lodi daga azahar zuwa sanyin la'asar in zafi ya tsananta. A bar mai koko da ƙosai ta shigo da sassafe. A kewaye wa mata nasu wurin da ƙyaure. Ba duka aka yi a lokaci ɗaya ba, wasu sai da aka yi ta naci. Daga baya na ji cewa a gonakin rake na Nikaragwa da Salbado, inda ciwon ƙoda ya yi ta kashe masu saran rake, abin da masana suka dage a kai ke nan: ruwa, hutu, inuwa. Mutanenmu ba su karanta ba, jikinsu ne ya gaya musu.

Mafi girma shi ne asusun da 'yan dako suka kafa. Mata sun riga su, domin tuni adashensu ke tsallake layi ya ba wadda ta kwanta. Maza suka ce a kowane lodi a cire wani abu kaɗan a ajiye, wanda ciwo ya kayar a ba shi na cefane na 'yan kwanaki. Ni aka ba riƙon lissafi. Daga lokacin fashin yini ɗaya da biyu ya ƙaru a shafinsu, ɗaukar mutum ranga-ranga zuwa asibiti kuma ya ragu. Manaja ya fara ƙorafi, daga baya ya lura lodi bai tsaya ba, ya yi shiru.

Rigima ɗaya ce ta kusa rusa asusun. Wasu suka ce duk wanda aka san yana shan ƙwaya, in ya kwanta kada a ba shi ko sisi, tunda shi ya jawo wa kansa. Aka taru bayan sallar la'asar, murya ta ɗaga. Masu wannan ra'ayi suna da hujja: guminsu ne, don me za a zuba shi ga wanda aka hana ya ƙi hanuwa? Sai dattijon nan mai gora, wanda bai taɓa sa ƙwaya a baki ba, ya nemi magana. Ya ce, "Ku tsaya. Me ya sa ya fara sha? Ba don kada ya kwanta ba ne? In kuka ce ranar da ya kwanta babu komai, ai kun ce masa ya ƙara biyu ke nan." Aka yi ta ja-in-ja har magariba. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa za a ba kowa, amma mai ƙwaya sai sarkin 'yan dako ya raka shi asibiti da ƙafarsa, kuma ba za a sa shi a lodin tsakar rana ba sai an ga ya bari. Wasu suka bari, wasu suka koma wani sito inda babu mai sa musu ido.

Na bar aikin a ƙarshen 2023, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli ya sa an sake rufe iyaka, ciniki ya ja baya, ni kuma na samu aikin koyarwa. Abin da na fito da shi shi ne, wa'azin a ci da kyau, a sha ruwa, a yi barci, a bar ƙwaya, gaskiya ne, na ga amfaninsa a jikin mutane da idona. Amma mai jinga ba ya iya bin sa sai an rage masa tsoron kwanciya. Jihar Jigawa tana da hukumar taimakekeniyar lafiya ta JICHMA, ƙungiyoyin 'yan dako da na mata masu tsinta kuma suna da shugabanni da asusu da lissafi. In aka haɗa waɗannan biyun, aka kuma sa 'yan kasuwar da ke fitar da ridi da zoɓo suka ɗora wani abu a kan kowane buhu, ɗan dako zai iya kwana biyu a gida ya sha maganin zazzaɓinsa ya cinye, ba tare da ya tambayi wanda zai auna masa gero ba.